Mataimakin Firaminista a Ayaland da Singafo

Malam, ka tambaya ko mataimakin firaminista a ƙananan ƙasashe magaji ne mai jiran gado, ko kuwa kujera ce kawai ta rarrashi. Bari in ajiye maka ƙasashe biyu kusa da juna, Ayaland da Singafo, kowacce mutanenta kimanin miliyan biyar zuwa shida ne, ka ga yadda muƙami ɗaya yake aiki iri biyu.

A Ayaland ana kiran mai muƙamin Tánaiste, shugabansa firaminista kuma Taoiseach. Kalmar Tánaiste tsohuwa ce, daga zamanin sarakunan gargajiyarsu, lokacin da ake zaɓar wanda zai gaji sarki tun sarkin yana raye. Mu da muka san Ciroma da Yarima ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tsarin mulkin 1937 ne ya kafa kujerar, ya maye gurbin mataimakin shugaban majalisar zartarwa da ake da shi tun 1922, kuma Seán T. O'Kelly ne ya fara hawanta. Doka ta ce dole ya zama ɗan majalisar wakilai, kuma shi ne zai riƙe gwamnati idan firaminista ya yi tafiya, ko ya rasu, har a naɗa wani.

To amma sunan ya fi aikin girma. Gaskiya ne Seán Lemass ya tashi daga wannan kujera ya gaji firaminista Éamon de Valera a 1959, Brian Cowen ma daga nan ya zama firaminista a 2008. Sai dai da gwamnatin haɗin gwiwa ta zama ruwan dare, kujerar ta koma abin da ake ba shugaban ƙaramar jam'iyya don ya yarda a kafa gwamnati da shi. Dick Spring na jam'iyyar Leba ya riƙe ta ƙarƙashin firaministoci uku. A 1994 ya janye jam'iyyarsa, gwamnatin Albert Reynolds ta faɗi, ya juya ya kafa wata da John Bruton ba tare da an koma rumfar zaɓe ba, ya sake zama mataimaki. Wannan ai ba magaji ba ne, abokin ciniki ne da ke riƙe da makullin shago. Mary Harney, mace ta farko da ta hau kujerar a 1997, ta hanyar ƙaramar jam'iyyarta ta zo, ta shekara tara a kai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 2020: Micheál Martin da Leo Varadkar, shugabannin jam'iyyu biyu da suka shekara kusan ɗari suna hamayya, suka yi yarjejeniyar karɓa-karɓa. A Disambar 2022 kowa ya tashi ya zauna a kujerar ɗan'uwansa, babu hayaniya.

Singafo kuwa jam'iyya ɗaya ce, PAP, ke mulki tun 1959, saboda haka babu wanda za a rarrasa. Toh Chin Chye ne mataimaki na farko ga Lee Kuan Yew, firaministan farko na Singafo. Bayan ya sauka a 1968 kujerar ta zauna babu kowa har 1973, lokacin da aka naɗa Goh Keng Swee, abin da a Ayaland tsarin mulki ba zai bari ba. Daga 1980 sukan naɗa mataimaka biyu a lokaci guda.

A can kujerar makarantar horo ce. Goh Chok Tong ya zama mataimaki na ɗaya a 1985, ya karɓi mulki a 1990. Lee Hsien Loong ya yi shekara 14 yana mataimaki kafin ya zama firaminista a 2004. Lawrence Wong ya hau a 2022, aka rantsar da shi firaminista a Mayun 2024. Ka ga duk wanda ya gaji mulki a Singafo ta nan ya bi. Sai dai ba kowane mataimaki ne ke kaiwa ba. Heng Swee Keat kowa ya ɗauka shi ne na gaba, sai a Afrilun 2021 ya ce ya janye, shekarunsa sun kusa 60, a nemi mai ƙuruciya. Wasu kuma ta wata ƙofa suka fita: Ong Teng Cheong da Tony Tan da Tharman Shanmugaratnam duk sun zama shugaban ƙasa, muƙamin da ba shi ke tafiyar da gwamnati ba.

Kada ka auna su da mataimakin shugaban ƙasa na Najeriya, wanda ake zaɓa a tikiti ɗaya da maigidansa, kuma sai majalisa ce za ta iya tsige shi. Na Ayaland da Singafo kuwa firaminista ne ke ɗauko su, shi ne kuma zai iya sallamarsu. A 1990 firaministan Ayaland Charles Haughey ya sa aka kori mataimakinsa kuma tsohon amininsa, Brian Lenihan, yana tsakiyar takarar shugabancin ƙasa, saboda ƙaramar jam'iyyar da ke cikin gwamnati ta ce ko a cire shi ko ta fice.