Zuwa ga Auta, a kan 'yar kyanwar da kika tsinta

Auta, ina gaisuwa, ki gaishe min da Hajiya da mutanen gida. Na ga hoton 'yar kyanwar da kika tsinta a zaure, kuma kin tambaye ni me ake ba irinta a nan Ingila.

Ranar da na fara shiga Pets at Home, wani shagon kayan dabbobin gida a nan Manchesta, sai da na tsaya ina kallo. Layi guda na abincin mage ne kaɗai, kowane gwangwani da shekarun da ya dace da su a jiki. Akwai madarar gari ta jariran kyanwa da 'yar kwalbar shayarwa, akwai wani na Royal Canin mai laushi kamar kunu na 'yan wata 1 zuwa 4, sannan ledojin Whiskas na 'yan wata 2 zuwa 12. A gida kuwa, ragowar tuwo da ƙashin kifi ne abincin mage, shi ma in an tuna da ita.

Amma kar ki ɗauka gwangwanin ne sirrin. Lokaci ne. Kafin sati 4 cikinta bai san komai ba sai nono, kuma duk bayan awa 2 ko 3 take sha, har cikin dare. Madarar shanu tana sa su zawo, zawo kuwa a jiki ƙarami haka yana kashewa da wuri, don Allah kar ki ba ta. Ki nemi madarar kyanwa a shagon magungunan dabbobi, ki shayar da ita tana kwance a kan cikinta, ba a rigingine ba. Bayan ta sha, ki shafa mata ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi don ta yi fitsari, aikin da uwarta ke yi da harshe ke nan.

In haƙoranta sun fito tana lasar yatsanki, ki dama mata abinci mai laushi da ruwan ɗumi a faranti mai faɗi, kaɗan-kaɗan sau 4 a rana, ba tare da kin yanke madarar ba. Idan babu na gwangwani, dafaffen naman kaza da aka daka, ba gishiri, zai riƙe ta kafin ki samu. Ban da dambun nama, ban da miya: albasa da tafarnuwa guba ne ga mage.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne likitan dabbobi a kowace unguwa, sai dai kuɗinsa akwai ciwo. Ga doka kuma: tun Yunin 2024 dole a sa wa mage 'yar na'urar shaida, wato microchip, ƙarƙashin fata kafin ta cika sati 20, in ba haka ba tara har fam 500.

Ki ari ma'aunin kicin na Anti ki riƙa auna ta kowace safiya. Ya kamata ta ƙara kamar giram 100 a sati. In kin ga nauyin ya tsaya kwana biyu, ki kai ta asibitin dabbobi, ki kuma kira ni.