Wata huɗu da akwatin USB-C mai rarraba wayoyi a shagona

Shagona yana bakin kasuwar ƙauyenmu a ƙasar Ringim, sana'ata buga takardun makarantu da gyaran hotunan biki. Allon laftof ya yi mini kaɗan, sai na sayo ɗan akwatin nan a Kano, mai bakin HDMI biyu na jona allo da na USB uku, na jona allo biyu da faifan ajiya na waje.

Ranar farko allunan suka riƙa nuna abu iri ɗaya. Wannan bai ba ni wuya ba, na danna maɓallin Windows da P tare, na zaɓi Extend, kowanne ya kama aikinsa.

Faifan ne ya hana ni barci. Ina tsaka da kwafar hotunan wani biki sai na ji yana ƙas-ƙas-ƙas, allon dama ya ɗauke na ɗan lokaci, faifan ya ɓace daga kwamfuta. Wallahi gabana ya faɗi, domin hotunan amaren garinmu na shekara uku suna ciki, kuma ba ni da kwafinsu ko'ina. Na canza waya, na hure ƙurar hunturu daga bakunan, duk a banza.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Dutse ya zo hutu, ya kara kunne a jikin faifan, ya ce, "Kawu, lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isar sa." Ashe bakin USB 3.0 na yau da kullum wat 4.5 kawai yake bayarwa, faifai mai juyawa kuwa yana jan wuta sosai idan zai tashi, ga akwatin ma yana cin nasa rabon daga jikin laftof. Ya ɗauki cajata mai wat 65 ya soka ta a bakin akwatin mai alamar PD, wato bakin da ke karɓar wuta daga caja, sannan ya shiga saitin wuta ya hana Windows kashe bakunan USB don tattalin batir. Tun ranar ban sake jin ƙarar nan ba.

Akwatin yana biyan bukata, hoto tas a allo biyun. Abin da ya ɓata mini rai, mai shagon bai gaya mini sai da caja yake iya ɗaukar wannan kaya ba. Kuma ba kowane bakin USB-C ke fitar da hoto ba, sai wanda ke ɗauke da DisplayPort, wato tsarin tura hoto zuwa allo. Maƙwabcina ya jona akwatin a tasa laftof, ko ƙyalli allon bai yi ba. Da azahar akwatin yana zafi, don haka a kan guntun tayil nake ajiye shi.

Na sayi faifai na biyu. Duk daren Alhamis, kafin batirin sola ya yi ƙasa, nake kwafe hotunan mako a ciki.