WagonR mai CNG: shekara biyu da motar da 'yan Instagram suke kira "dabba"

Duk wanda ya zauna a Indiya ko na wata ɗaya ne ya san yadda harkar mota ta koma cikin waya. Ka buɗe Instagram, kafin ka wuce bidiyo biyar sai ka ci karo da wani a shagon sayar da motoci ana yaye wa sabuwar motarsa ƙyalle, ga ƙaton makulli na kwali an miƙa masa, ga kek, ga kiɗa, uwarsa na share hawaye a gefe. Tun da gwamnati ta rufe TikTok a 2020 kowa ya kwashe ya koma Reels da YouTube Shorts, data kuma ta yi araha tun zuwan kamfanin sadarwa na Jio a 2016, to ba ka da mafaka, sai ka gani. Ni a Greater Noida, kusa da Delhi, nake zaune da iyalina, kuma lokacin da na fara neman mota a 2023 wallahi bidiyoyin nan sun kusa juya min kai. Thar ake nunawa, da Creta, da Nexon, kowa ya buɗe rufin gilashin nan na sama yara sun leƙo da kai. Ba wanda yake ɗaukar WagonR, ƙaramar motar kamfanin Maruti Suzuki, sai in zai yi mata dariya.

Sunan da suke kiranta a kwament shi ne "dabba". Da farko na ɗauka irin dabbarmu ce ta Hausa, ashe da Hindi akwati ko gwangwani suke nufi, saboda doguwa ce mai kusurwa huɗu kuma jikinta ba nauyi. To duk da haka ita na saya, mai injin 1.0 da ke aiki da fetur da gas ɗin CNG, giyar hannu mai biyar, don mai CNG ɗin ba ta zuwa da otomatik. Maƙwabcina ne ya tsaya a kaina, dattijo ne da ya yi ritaya, ya ce min "bhai (ɗan'uwa), bar kallon waya, sauka ƙasa ka ƙirga motocin da ke fakin". Na sauka na ƙirga, gaskiyarsa. Motar tana kasuwar Indiya tun 1999, kuma shekaru a jere tana cikin na sahun gaba a ciniki, rabin tasin da za ka kira da waya a yankin Delhi kamar duk ita ce ko Dzire.

Ranar ɗauka ta faɗo kusa da Dhanteras, ranar da Hindu suke ganin sayen sabon abu yana da albarka, shagon cike kamar kasuwa. Iyalin da ke gabanmu sun fasa kwakwa, suka sa lemun tsami ƙarƙashin kowace taya aka taka, wani yaro da shagon ya ajiye musamman don ɗaukar bidiyo yana ta zagaye su da waya. Da aka zo kanmu na ce mu addu'a kawai za mu yi, ba su ja ba ko kaɗan, suka ba mu wuri, na ji daɗin wannan sosai. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda mai sayarwar ya dinga tura min kayan ƙyale-ƙyale, rigar kujera, fitilun ado, wani shafe-shafen fenti, kullum maganarsa "Sir, zai yi kyau a hoto". Na ƙi yawancinsu. Ka karanta takardar farashi layi-layi, don kuɗin da ake tallatawa daban, wanda za ka biya bayan haraji da rajista da inshora daban. Ni duka-duka na kashe lakh 7 da 'yan kai, lakh ɗaya rupee 100,000 kenan.

Yanzu abin da ya sa nake sonta. Tsayin nan da ake mata gori a kai shi ne alherinta. Hajiyarmu ta zo aikin gwiwa ta yi wata uku a wajenmu, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon gwiwa ya san wahalar shiga mota. A wannan ba durƙusawa, ba ɗaga ƙafa sama, kujerar daidai ƙugu take, sai ta juya baya ta zauna, in ɗago mata ƙafar a hankali in shigar, shikenan. Ranar farko ta shafa rufin da hannu ta ce "kai, wannan ai ɗaki ce". Sau biyu a sati muke zuwa gashin ƙashi, ba ta taɓa cewa wash ba wajen shiga ko fita. Ba wani Reels da zai nuna maka wannan. Gilasanta manya ne, kana ganin ko'ina, kuma a titin da babur da keke mai ƙafa uku da saniya suke shigo maka ta kowane ɓangare, ganin nan ya fi min komai. Sitiyarin ba nauyi, lungun unguwar Nizamuddin a Delhi ma da ake matsewa tana shiga ta juya.

Sai maganar mai, wadda ita ce tambayar farko ta kowane Ba'indiye, "kitna deti hai", wato nawa take bayarwa. Kamfanin ya rubuta wajen kilomita 34 a kilo ɗaya na gas. Ni da esi a kunne da cunkoso ina samun 24 zuwa 27, kuma kilon gas ya fi litar fetur araha, to a wata abin da nake kashewa bai kai rabin na abokin aikina mai SUV ba, shi ga biyan bashin banki duk wata wanda suke kira EMI. Ya taɓa faɗa min da bakinsa cewa rufin gilashin da ya ƙara kuɗi dominsa bai buɗe shi sau goma ba, da zafi rana ta kai digiri 45, da sanyi kuma hayaƙin Delhi ba ya barin mutum ya shaƙi iska. Makaniki ba matsala, kayan gyara ko a ƙauye akwai.

Amma fa kar in yaudari kowa. Tukunyar gas ɗin ta cinye but, jaka biyu ƙanana sun cika shi, in za mu ɗauko baƙo a filin jirgi akwati a kan cinya yake zuwa. Tukunyar kilo 8 zuwa 9 take ɗauka, to kusan duk kwana huɗu kana gidan mai, ga layi musamman da safe lokacin 'yan tasi, kuma doka ce kowa ya fito daga mota kafin a ɗura, har Hajiya da sandarta sai da muka fito da ita wata rana, daga nan na koyi cikawa da daddare ni kaɗai. Ƙarfi ma sai haƙuri, mutum huɗu da esi a hawan gada dole ka sauko giya. Mun je Agra ta Yamuna Expressway, kilomita 165, ta kai mu lafiya amma da na haura 90 kuma babbar mota ta wuce sai ka ji iska ta ɗan kaɗa ta, ban ƙara wuce 80 ba.

Babban abin da ke damuna shi ne tsaro, kuma a nan masu cewa "dabba" suna da hujja. A gwajin karo na Global NCAP, ƙungiyar da ke auna tsaron motoci, a 2023 tauraro ɗaya cikin biyar ta samu wajen kare manya, alhali Tata Punch ta samu biyar tun 2021. Na san da wannan kafin in saya, na auna aljihuna da irin tafiyata wadda kusan duk cikin gari ce, amma duk lokacin da na ɗaura wa yara bel a baya abin yana raina. Tawa jakar iska biyu gare ta, waɗanda ake sayarwa daga 2025 an mai da su shida. In kai mai yawan doguwar tafiya ne da iyali, don Allah ƙara kuɗi ka nemi wadda ta fi ta ƙarfin jiki, wannan ba wurin tsumulmula ba ne. In kuwa makaranta ce da kasuwa da asibiti da wurin aiki, je ka gwada ta, ka tafi da dattijon gidanku ya shiga ya fita ka gani da idonka. Kar kuma ka manta da tukunyar, ƙa'ida duk shekara uku a kai ta a gwada ƙarfinta a sa mata tambari, tawa lokacinta ya matso, na riga na rubuta ranar a jikin kalanda.