Linzamin Kalifoniya ko na Teksas: da wanne za a fara tarawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya da wanne ya kamata ka fara tsakanin tsofaffin linzaman azurfa na jihohin Kalifoniya da Teksas a Amurka. Bambancinsu na farko shi ne yadda azurfar ta zauna a jikin ƙarfen.

Maƙeran Kalifoniya da Nebada sun gaji aikin makiyayan Meziko. Sukan sassaƙe baƙin ƙarfen su yi masa gurbi, su dasa azurfa a ciki da guduma, sannan su bi ta da zane. In ka shafa da yatsa, ba za ka ji tudu ba. Bakin linzamin yana da faffaɗan harshe mai kwanciya a kan harshen doki, da 'yar tagulla mai juyawa wadda doki ke wasa da ita tana ƙara, tana tsinka masa yawu. Ba a ɗaura wa ɗanyen doki shi, sai wanda ya yi shekaru ana horar da shi da ragama. Babban suna a nan shi ne G.S. Garcia, mai sana'ar sirdi da linzami na garin Elko a Nebada, wanda sirdinsa ya ci lambar zinariya a baje kolin St. Louis a 1904.

Na Teksas aikinsa ya fi sauƙi. Ana yanka azurfa ko tagulla a liƙa a saman ƙarfe da wuta, bakin kuma gajere ne, doki na iya kiwo da shi. Sunayen maƙeran da za ka riƙa gani su ne McChesney da Kelly da Crockett. An ƙera su da yawa, shi ya sa farashinsu bai cika tsada ba, kuma liƙin kan ɓamɓare in ya sha aiki.

Ni dai zuciyata tana wajen na Kalifoniya, don hannun maƙeri ya fi fitowa a jikinsa. Har akwai nau'insa mai zobe da ke zagaye haɓar doki, ɗan'uwan linzaminmu na hawan sallah, tunda ta hannun Larabawan Andalus ya shiga Sifen kafin ya tsallaka teku. Amma a nan ɗin ne aka fi yin asara. An ci gaba da buga sunan Garcia shekaru da dama bayan rasuwarsa a 1933, don haka tambari kaɗai ba hujja ba ne. Duba wurin da sarƙar da ke haɗa linzamin da igiyarsa ke goga, ka ga ko ya lashe da gaske, ka kuma duba ko tsufan zanen ya yi daidai da tsufan ƙarfen.

Saboda haka ka fara da Crockett ko Kelly mai tambari a fili, idonka ya saba, sannan ka zuba kuɗi mai nauyi a na dashe. Kowanne ka saya, don Allah kada ka kankare shi da yashi ko injin gogewa. Tsumma mai laushi da ɗan mai sun isa, domin masu saye suna rage kuɗi da zarar sun ga an cire duhun tsufan.