Ofishin lauyoyin da bai yi mana romon baka ba kan ƙarar sauya tsarin unguwa

Mazauna gidajen haya a Bronx sun san fargabar da ke tasowa idan Majalisar Birnin Niyok ta sauya tsarin amfani da filayen unguwa, domin da zarar an halatta gina dogayen benaye, filaye kan yi daraja, masu garejin gyaran mota kuma su fara tunanin inda za su koma, kamar yadda aka gani lokacin sauya tsarin titin Jerome a 2018. Irin wannan damuwa ce ta sa ƙungiyarmu ta 'yan haya ta nemi shawarar wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke karɓar ƙararrakin muhalli.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne lauyar da ta saurare mu ba ta ɓoye mana komai ba. Ta bayyana cewa a ƙarƙashin SEQRA, dokar nazarin tasirin muhalli wadda jihar Niyok ta kafa a 1975, alƙali ba ya yanke hukunci kan ko sauyin alheri ne ko sharri. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko hukuma ta yi nazarin tasirin muhalli da idon basira, ta kuma bayar da hujjar matsayarta. Ta ɗauko fayil ɗin shari'ar sauya tsarin Inwood, wata unguwa a birnin Niyok, ta shimfiɗa a kan tebur, tana bin layukan da ta ja wa jan biro da yatsa: a watan Disamba na 2019 mai shari'a Verna Saunders ta soke sauyin saboda birnin bai duba wasu illolinsa ga mazauna da ƙananan 'yan kasuwa ba, amma a watan Yuli na 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin nata. Da lauya mai kwaɗayin kuɗinmu ne, da ya tsaya a rabin farko na labarin.

Ta kuma ja kunnenmu cewa watanni 4 kacal doka ta bayar a shigar da irin wannan ƙara bayan yanke shawara, kuma ƙorafin da ba a gabatar ba lokacin sauraron ra'ayin jama'a da wuya kotu ta ba shi nauyi daga baya. Saboda haka ta taimaka mana muka rubuta namu tun rahoton nazarin tasirin muhallin yana daftari.

Inda suka gaza shi ne wajen harshe da bayanin kuɗi. Ba su tanadi tafinta ba, dattawanmu 'yan Gana da Nijar suka zauna jugum har sai da wani matashi ya riƙa fassara musu, sannan ba a ba mu ƙiyasin kuɗin aiki a rubuce ba sai da muka matsa. Ƙungiyar da za ta je wurinsu ta tafi da nata tafintan, ta kuma nemi takardar kuɗin tun a zaman farko.