FT Tiny Trainer: jirgin soso da ya dace mutum ya fara faɗuwa da shi

Duk wanda ya tambaye ni da wane jirgin rimot zai fara, ina ce masa ya nemi wanda idan ya karye ba zai hana shi barci ba. Zai karye kuwa, babu makawa. A cikin waɗanda na haɗa da hannuna, wanda ya fi cika wannan sharaɗi shi ne FT Tiny Trainer na kamfanin Flite Test, mutanen jihar Ohio ta Amurka da suka fara fitar da bidiyon jiragen wasa a YouTube tun 2010.

Abin da ke zuwa a kwalin ba ya ɗaukar ido. Faranta ne na allon soso, wato farin soso mai ɗan tauri, kaurinsa kusan milimita 5, an manna masa takarda gaba da baya. An riga an yanka kowane sashe da na'urar leza, sai ɗan maƙale da aka bari nan da can don kada su zube a hanya. Akwai ɗan katakon da ake ɗaura inji a kai, da siraran wayoyin ƙarfe masu tura jela, da tsinkayen gora. Inji, batir, rimot, caja, duk babu su a ciki. Wannan ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya sa hannu a aljihu, domin sosan shi ne mafi arha a harkar gaba ɗaya.

Wayon da aka yi wa jirgin shi ne fiffike biyu da hanci biyu a kwali guda. Hanci ɗaya ba shi da inji, na jefawa da hannu ne kawai, ɗayan kuma mai inji. Fiffike na farko bakinsa biyu a ɗage suke sama, na biyun kusan miƙe yake, da leɓɓa masu motsi a bayansa don karkata jirgi. Faɗinsa daga baki zuwa baki kusan santimita 94 ne. Shawarata, a ajiye fiffike na biyu a kan kabad a manta da shi tukuna. Wancan mai ɗagaggen baki shi ne malamin. Idan jirgin ya karkata, ɓangaren da ya yi ƙasa yakan sami ɗagawar iska fiye da ɗan'uwansa, sai jirgin ya koma daidai da kansa. Ke nan idan ka rikice a sama, ka saki sandar rimot kawai, sau da yawa shi zai ceci kansa, muddin akwai tazara tsakaninsa da ƙasa.

Haɗawar ce ta fi ba ni sha'awa, kuma a nan ne nake ganin kuɗin kwalin ya halatta. Zanen jirgin kyauta ne a intanet, kowa na iya bugawa ya manna a allon soso ya yanka da kansa. Sai dai wanda bai taɓa riƙe reza a kan wannan allo ba, bai san bambancin yankan da ke ratsa allo gaba ɗaya da wanda ke tsayawa a rabi ya bar takardar ƙasa ba. A sassan da aka riga aka yanka, hannunka ne zai gane bambancin. Ka ɗauki gangar jikin, ka ga layuka biyu a jere, ka ɓalle siririn sosan da ke tsakaninsu da ɗan yatsa, takarda ta rage, sai gefen ya naɗo ya tsaya cak. Suna da naɗi iri biyu da suka sa wa suna A da B: a na A gefen yana hawa kan farantin ƙasa, a na B yana tsayawa a gefensa. Ƙaramin abu ne, amma idan aka musanya su faɗin jikin zai canza, hancin ya ƙi shiga.

Aikin da ya fi neman natsuwa shi ne fere wurin lanƙwasar jela, inda leɓenta zai riƙa motsi. Ana buɗe wurin lanƙwasa, a kwantar da reza a karkace kamar digiri 45, a fere sosan a ja ɗaya ba tare da an huda takardar da za ta zama maɗaurin ba. Reza mai kaifi tana wucewa shiru. Da ta fara dakushewa za ka ji tana ƙara, sosan yana dunƙulewa yana yagewa, gefen ya fito kamar ɓera ya ci. Ka canza ta nan take, kada ka yi mata rowa. Bayan nan sai a zuba ɗan gam mai zafi a cikin lanƙwasar, a shafe shi sirit da guntun soso, a bar jelar a buɗe har ya huce. Wannan shafar ce ke hana takardar ɗayewa bayan an yi ta kaɗa jela.

Maganar gam kuwa, bindigar gam ƙarama irin ta ado ba ta isa ba. Wajen rufe fiffike ana zuba dogon layi ne a kan ƙashin tsakiya da kuma bakin baya, a naɗo saman, a danne a kan tebur mai laushin fuska. Idan bindigar ba ta da zafi sosai, kafin ka kai ƙarshen layin farkonsa ya daskare, fiffiken ya fito a murɗe, kuma jirgi mai murɗaɗɗen fiffike ba ya tafiya miƙe ko me ka yi masa da rimot. A gefe guda kuma gam nauyi ne. Jirgin da bai kai giram 200 ba kafin a sa batir, ɗigon da ka ƙara a jela don "ƙarfi" sai ka biya shi da ƙarin nauyi a hanci.

Kayan wutar da suka dace da shi ƙanana ne: inji mai lamba 1806, farfela mai inci 6, sarbo (ƙananan na'urorin da ke motsa jela da umarnin rimot) masu giram 5, da batirin LiPo (nau'in batirin lithium mai caji) mai ɗaki biyu, wato ƙwayar batir biyu a haɗe. Lambar 1806 girman cikin injin take faɗa, milimita 18 a faɗi, 6 a tsayi. Za ka kuma ga wata lamba kamar 2280KV, ma'ana zagaye nawa yake yi a minti a kan kowane bolt idan babu farfela. Da batir mai bolt 7.4 lissafin ya kusa dubu 17. Ba abin wasa da yatsa ba ne, don haka duk saitin da za a yi a kan tebur, a cire farfela tukuna. Kamfanin yana sayar da waɗannan kaya a haɗe, ban da batir, kuma ga sabon shiga hakan ya fi sauƙi. Ni na taɓa sayen wasu sarbo marasa suna a hannun wani ɗan kasuwa na intanet, ɗaya a cikinsu tun a tebur yake karkarwa, ba ya dawowa tsakiya wuri ɗaya sau biyu. Sarbon da ba ya dawowa tsakiya, jirgin yau ya ja dama, gobe hagu, kai kuma kana zargin hannunka.

Batirin yana da dokokinsa. Kowane ɗaki bolt 4.2 ne a cike, kada a tsotse shi ƙasa da 3.5 ko kusa da haka, idan kuma za a ajiye shi na wani lokaci a bar shi a wajen 3.8. Caja mai daidaita ɗakuna ake amfani da ita, ba a barin sa a caji a fita, wanda ya kumbura ko ya huje kuma ya gama aiki. Rimot dai ka sayi mai tasha shida ko fiye (kowace tasha abu ɗaya take sarrafawa a jirgi), na 2.4GHz, wanda ke iya ajiye saitin jirage da yawa. Shi kaɗai ne abin da zai bi ka daga wannan jirgi zuwa na gaba da na gabansa. Wannan jirgin da fiffiken koyo tasha uku kawai yake ci: inji, jelar kwance mai ɗagawa da saukarwa, da jelar tsaye mai juyawa. A jona sarbon jelar tsaye a tashar da ke sandar dama, domin hannun da zai riƙa karkata jirgi nan gaba ya saba tun yanzu.

Kafin tashi akwai abin da ba a tsallakewa. A ƙarƙashin fiffike an yi alamar inda nauyin jirgi ya kamata ya daidaita. Ka sa batir, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wurin alamar, ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan jela ce ta rinjaya, ka tura batir gaba. Jirgi mai nauyin hanci yana tashi, sai dai ya yi saurin sauka. Mai nauyin jela kuwa ɗaga kai yake yi, gudu ya ƙare masa, ya faɗo ta gefe, kuma ƙwararre ma da ƙyar yake riƙe shi. Sannan ka tsaya a bayansa ka motsa sanda: dama, jelar tsaye ta tafi dama, ka ja sanda baya, jelar kwance ta ɗaga sama. Jirage da yawa a daƙiƙa biyun farko suke mutuwa saboda an juya wannan.

A sama fa? Ba shi da ƙafafu, jefa shi ake yi da hannu, a fuskanci iska, a miƙe ba sama ba, inji a ɗan wuce rabi. Yana tafiya a hankali har kana da lokacin tunani, abin da sabon matuƙi ya fi buƙata ke nan. Idan ka kashe inji ba ya faɗowa, zamewa yake yi a iska har ya kwanta da ciki a kan ciyawa. Wahalar da kowa ke sha ita ce lokacin da jirgin ya juyo yana fuskantarka, hagu ta koma dama. Dabarar da ta yi mini aiki: ka tura sanda wajen fiffiken da ka ga ya yi ƙasa, kamar kana tallafe shi. Awa kaɗan a manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, da rimot ɗinka na gaske a jone, tana rage ɓarna sosai.

Rauninsa na irin kayan da aka yi shi da su ne. Ba shi da nauyi, don haka iska mai ƙarfi wasa take yi da shi, sai da sassafe ko da yamma lis idan gari ya lafa. Takarda ba ta son danshi, ko da wadda aka ce tana jure ruwa, gefunan da aka yanka a buɗe suke. Gam mai zafi yana saki idan aka bar jirgi a rufaffiyar mota cikin rana. Fenti na feshi kuma yana cinye sosan duk inda takarda ba ta rufe ba. Ni ban ma ga amfanin fenti a jirgin farko ba. Salatif mai launi a ƙarƙashin fiffike ɗaya ya wadatar, don ka gane samansa da ƙasansa daga nesa.

Amma dubi yadda yake karyewa. Fiffiken robar ɗaure kuɗi ce ke riƙe da shi a jikin tsinkayen gora, idan ya daki ƙasa sai ya goce maimakon ya tsage. Hancin daban yake, zare shi ake yi. Idan ya lotse ka miƙe shi da yatsa, ɗan gam, salatif, ka koma fili. Idan ya wuce gyara, ka ɗora farantin da ka ɓalle sassan daga cikinsa a kan sabon allo, ka zana ramin, ka yanka wani. Saboda haka kada ka zubar da waɗannan faranta, su ne ma'auninka na gaba. Bayan hanci na biyu ko na uku za ka ga kana yanka ba tare da duba bidiyo ba, daga nan kuma jirgi na gaba ba sai ka sayi kwali ba.

Wanda yake son ya buɗe kwali ya tashi jirgi a ranar, wannan ba nasa ba ne, akwai haɗaɗɗu na soso mai lanƙwasa da aka yi domin irinsa. Wanda kuma yake da tebur, reza da haƙurin yamma biyu ko uku, ya saya. Ya haɗa da farfela da yawa a odar farko, domin ita ce ke fara taɓa ƙasa, kuma ita kaɗai ce gam ba ya gyarawa.