Kujerar hawa bene ko a sauko da Inna ƙasa?

'Yar'uwa, kin ce Innarku tana zaune a saman bene a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, gwiwa ta matsa mata. Yayanku da ke Ingila yana so a sa mata kujerar nan mai lantarki da ke bin matakala, ke kuma kina ganin gara a gyara mata ɗaki a ƙasa. Kin tambaya wanne ya fi.

Ki fara zuba mata ido na kwana uku ba tare da ta sani ba. In sai ta haɗa ƙafa biyu a kowane taki, ko ta riƙe ƙarfen gefe da hannu bibbiyu, ko tana sauka da baya, to benen ya fi ƙarfinta. Tamu kakar ba ta taɓa cewa uffan ba. Mu ne muka lura ta daina saukowa shan hantsi, baƙi ma sai dai a hau da su. Amma in haki ne ke tsayar da ita a tsakiya, ku fara ganin likita, don yana iya zama ciwon zuciya. Ga Asibitin Sir Yahaya nan cikin gari.

Ita kujerar, a kan wani dogon ƙarfe take tafiya, wanda ake ɗaurewa a jikin matakalar, ba a bango ba. Mutum ya zauna, ya ɗaura bel, ya danna, ta haura da shi sannu a hankali. Yawancinsu suna ɗaukar kilo 120 ko fiye, kuma da batir suke aiki, don haka ko an ɗauke wuta ba za ta bar Inna a tsakiyar hanya ba. Sai dai batirin kullum caji yake so, in ya daɗe a mace ya lalace, kin kuwa san halin wutarmu. Sai da sola. Ga ƙurar hunturu da za ta riƙa kwanciya a kan ƙarfen. Babban abin dubawa shi ne kwana: in benenku miƙaƙƙe ne da sauƙi, in kuwa yana da kwana kamar yawancin namu, sai an auna an ƙero ƙarfen musamman, kuɗin ya ninka. Ki tambayi mai sayarwa, ranar da ta tsaya daga wane gari mai gyara zai taso, kuma kwana nawa za a jira shi?

Ɗakin ƙasa kuwa aikin birkila ne da mai gyaran famfo: masai na zama, ƙarfen dafawa a banɗaki, kujerar alwala, tayil marar santsi. Ya kuma fi dacewa da wanda ɓarin jikinsa ya shanye har ba ya iya zama da tashi da kansa, ko mai ruɗewar tsufa da zai iya kwance bel ana cikin tafiya. Tsadarsa a zuci take. Tsohuwa ba ta son a ce an sauko da ita daga ɗakinta.

Ni dai ƙasa na zaɓa, sai fa in shaguna ne a ƙasan gidan, babu ɗakin da za a gyara. Kuɗin yaya a saya mata sola da fanka saboda zafin Afrilu. Kuma kada ku kwashe kayanta tana asibiti. Ku zagaya da ita, ita ta nuna ɗakin da take so.